Tulun Umed Singh

Shekara arba'in da ɗaya muna yankan ciyawa tare da Darshani. A gangaren da ke bayan ƙauyenmu, ciyawa mai kyau tana wurin da ƙafa ba ta samun matsaya, don haka mace ɗaya ke ɗaura igiya a ƙugu ta sauka da lauje, ɗayar ta zauna a sama ta tokare ƙafa da dutse ta riƙe. Ni ce mai sauka, saboda ba ni da nauyi. Ita ke riƙewa, tana riƙewa tana zuba: wace ce ta yi faɗa da surukarta, saniyar wa ta ƙi cin dusa, ɗan wa ya dawo daga birni da gashi kamar na tunkiya. Muryarta nake ji daga sama in san igiya tana hannu. Ban cika amsawa ba, ita kuma ba amsa take nema ba. Na girme ta da shekara biyu, tana ce mini Didi, wato yaya, ina ce mata Bhuli, wato ƙanwa, kamar ciki ɗaya muka fito.

Da na tashi cika bakancen mijina Umed, ita ce ta fara zuwa raina, ban kuma nemi wata ba.

Bakancen ya kusa sa'a da 'yarmu Sulochana. Tana da shekara uku zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana tara ba ta buɗe ido ba. Umed ya fita tsakar gida ya fuskanci duwatsun ƙanƙara, ya ce wa Baba Kedar, abin bautarmu, in yarinyar ta tashi zai ɗebo ruwa a Gangotri, mafarin kogin Ganga, ya kai masa haikalinsa na Kedarnath ya zuba masa, kuma tulun ba zai taɓa ƙasa ba daga kogi har haikali. Yarinya ta tashi. A watan ya sayi tulun tagulla. Daga nan sai aikin girki a Delhi, sai hutun da ba ya faɗowa lokacin da hanyar dutse take buɗe, sai auren Sulochana, sai ciwon gwiwa, sai tari. Shekara talatin da huɗu tulun yana rataye a ƙusa, ina goge shi da toka duk lokacin biki.

Kwana biyu kafin Umed ya rasu ya sa na sauko da tulun. Ya ce shi dai tafiya zai yi, ba ya jin tsoro, amma maganar tana nan a kan yarinya, ga ta yanzu da 'ya'ya biyu. Ya ɗora hannuna a wuyan tulun.

“Kada ya taɓa ƙasa, Sateshwari. Da bakina na faɗa.”

Na ce na ji.

Sulochana ba ta so ba. Likita ya riga ya gaya mata zuciyata ba ta hawan dutse ba ce. Muka yi wata biyu tana kira tana roƙo, ina saurare. Daga ƙarshe ta ce sau ɗaya, ba ƙari, kuma sai in da Darshani za a tafi. Dama mutum ɗaya ba ya iya wannan aikin. Tulun ko dai yana jikin mutum ko yana rataye. Ba a ɗora shi a dutse, ba a ɗora shi a benci, ba a ajiye shi a ƙasan mota. Ba a kuma shiga bayan gida da shi, sai an miƙa wa wani, a je a dawo a wanke hannu da ƙafa da fuska a kurkure baki kafin a karɓa. Na jera wa Darshani waɗannan duka muna zaune a bakin gangare. Ta kwashe da dariya.

“Shekara arba'in ina riƙe da ke, ke da damin ciyawarki, ɗan tulu ne zai gagare ni?”

Muka tashi bayan damina ta ɗauke, saura mako uku a rufe haikalin saboda sanyi. Jaspal, ɗan Darshani, ya aiko mata da waya sabuwa da mayafin ulu kore mai bakin zinariya, ta yafa shi tun daga ƙofar gida. A Gangotri na shiga ruwa har gwiwa, sanyi ya hau mini har haƙora. Na cika tulun, na toshe bakinsa, na naɗe shi da jan ƙyalle, na yi masa maratayi na rataya a wuya. Nauyinsa bai wuce na jariri sabuwar haihuwa ba. Darshani tana bakin ruwa ta haɗa hannu tana kuka, tana cewa yau Umed zai yi barci mai daɗi. Ni ma na yi kuka, amma kaɗan.

Kwana uku muka yi a motoci kafin Gaurikund, inda titi ya ƙare. Tulun yana cinyata. In mun sauka masauki, abin da nake fara dubawa ƙusa ce a bango. In zan kewaya ko zan yi wanka in miƙa mata, ta karɓa tana cewa kawo jaririn. A hanya ta sa ni karanta alluna. Sai da na haura hamsin na shiga ajin matan ƙauye na koyi karatu, har yau a hankali nake haɗa baƙaƙe, kafin in gama mota ta wuce allon. Sai ta bugi cinyata ta ce wa mutanen mota ga Malama nan, kowa ya kawo wasiƙarsa, amma ya zo da abincin kwana biyu. Har direba ya yi dariya. Muka ci gurasar tamba da muka toyo daga gida, da gishiri da barkono, ta ɓantaro mazarƙwaila ta sa mini a baki saboda hannuwana suna kan tulu.

Muka kama hawa da sassafe. Hanyar ta cika da alfadarai da ƙararrawarsu, da maza huɗu-huɗu ɗauke da tsofaffi a kujera, da masu goyon mutane a kwando. An yi yayyafi, kashin alfadarai ya haɗu da laka ya zama kunu, kowa ya sa rigar leda, shuɗi da rawaya har iyakar gani. Darshani ta ƙi sa tata, wai za ta ɓoye mata mayafi. Ni numfashi nake nema. Taku ashirin in tsaya, in jingina da sanda, tulun yana bugun ƙirjina. Ita gwiwa ke damunta, amma bakinta lafiya lau. Ta yi wa masu hawa jirgi mai saukar ungulu tsiya, wai su Baba zai tambaye su tikiti, mu zai tambaye mu ƙafa.

Bayan mun wuce rabi, rana ta karkata, muka tsaya a wata rumfar shayi. Daga nan ake fara ganin farin dutsen da ke bayan haikalin, gajimare ya buɗe ya fito tas. Bayan gida ya matsa mini. Na cire maratayin na rataya mata a wuya da hannuna, na gangara bayan rumfar. Layin mata ya yi tsawo. Da na fito sai da na sake jira a bakin famfo, na yi wanke-wanken da ruwan da ke yanka fata. Na fi rabin awa.

Na same ta zaune a benci, tulun a cinya, ta rungume shi da hannu biyu.

“Ungo jaririnki, ya karya mini wuya,” ta ce. “Na ɗauka kin yi aure a can.”

Ta saya mini shayi, ta rufe shi da murfi don kada ya huce. Da na karɓi tulun na ji gindin ƙyallen da danshi, jan ya yi duhu. Ta ce wani alfadari ne ya fantsamo musu laka, ita ma ga ƙafarta. Na duba, akwai laka a ƙafarta. Na sha shayina.

Muka kwana a tanti kusa da haikali, tulun a rataye a sandar tsakiya. Da gari ya waye muka shiga layi ba takalmi, duwatsun daɓen kamar ƙanƙara. Layin yana tafiya a hankali, ya zagaye filin, ana jin ƙararrawa da ganga daga ciki. Ina ganin ƙofar, ina ganin bijimin dutse da ke zaune a gabanta an zuba masa furanni. Na riƙe tulun da hannu biyu ina magana da Umed a zuci. Ban ce masa wani abu mai yawa ba, na ce ga mu.

Sai wayar Darshani ta yi ƙara, ta samu sabis bayan kwana biyu. Jaspal ne yake tambayar ko mun isa. Ta ce bari ta tura masa hoto ya ga mayafinsa a gaban dutsen Baba, wata 'yar birni ce ta ɗauke ta jiya a rumfar shayi. Ta miƙo mini wayar har hanci.

“Duba, Didi. Ba ki ce na tsufa ba? Dubi wannan.”

Hoton ya yi kyau. Tana tsaye a bakin hanya, farin dutse a bayanta, mayafin ya kwanta a kafaɗunta babu ko lanƙwasa, ta haɗa tafin hannuwanta biyu a ƙirji tana murmushi. Na daɗe ina kallon hannuwan. Na kalli wuyanta, babu maratayi. Sannan na sauke ido ƙasa. A gefen ƙafarta ta hagu, inda hoton ya kusa ƙarewa, ga jan ƙyalle zaune a cikin laka, maratayin ya zube a gefensa, sawun kofato a kusa da shi.

Na ce, “Bhuli, hannuwanki biyu a haɗe suke.”

Ta ce to, ai gaisuwa take yi wa Baba.

“Ina tulun?”

Ta janye wayar. Ta ce ta ba wata mata ta riƙe mata, matar kirki, mai tsabta. Na miƙa yatsa na taɓa gefen hoton. Ta kalla. Na ga lokacin da ta gani, don bakinta ya tsaya a buɗe, abin da ban saba gani ba.

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta ce ƙiftawar ido ce kawai, yarinyar tana sauri, maratayin kuma yana tattare mayafin. Ta ce wurin ma dutse ne, lakar sama-sama ce. Ta ce dutsen nan gaba ɗaya na Baba ne, in tulu ya zauna a kansa ai a cinyar Baba ya zauna. Ta ce ruwan yana ciki a toshe, ko ɗigo bai fita ba, ko ƙura ba ta shiga ba. Matan da ke gabanmu suka fara waiwaye, ta rage murya. Ta ce da ban ga hoton ba da yanzu na zuba ruwana na koma gida da farin ciki, wa ya cutu? Na bar ta ta gama, kamar kullum. Ina sauraro ina tuna masaukin Uttarkashi, inda na fito wanka na tarar ta riga ta daɗe da tsefe kanta ta yi kitso, alhali babu ƙusa a ɗakin. Na tuna tashar da na dawo na same ta da kofin shayi a hannu ɗaya, gurasa a ɗayan, tulun a cinya a karkace kamar yanzu aka ɗora shi.

“Sau nawa?” na ce.

Ta kalli ƙofar haikalin.

“Bhuli, sau nawa?”

“Kwana biyar fa, Didi,” ta ce. “Kwana biyar. Shi mai bakancen shekara talatin da huɗu yana da ƙafafunsa bai zo ba, sai ni za a tsare da ƙusa da maratayi? Ni na zo ne in raka ki, in ga Baba kafin in mutu. Ban taɓa ɗauka da gaske kike har haka ba.”

Na ce ai na gaya mata a bakin gangare. Ta ce ta ji, ta ɗauka irin maganar da ake yi ce.

A lokacin Maheshanand ya iso, malamin haikalin da ke karɓar mutanen ƙauyenmu tun zamanin ubansa. Tsoho ne, ya naɗe kai da mayafi, ya zo ya shigar da mu. Ya ga fuskokinmu ya tambaya. Darshani ta riga ni, ta ba shi labarin yadda ya fi sauƙi, sau ɗaya, ƙiftawar ido. Ya ce wannan ba komai, Baba ba ya duba gindin tulu, zai yi karatu ya yayyafa wa tulun ruwa, a zuba, ya karɓu. Mutane da yawa a roba suke kawo nasu cikin jaka, suna ajiyewa inda suka ga dama. Darshani ta kama hannuna ta ce kin ji ko.

Na ce masa ba nawa ba ne, na mijina ne, ya rasu. Ya tambayi abin da mijin ya faɗa, kalma da kalma. Na faɗa masa. Ya murza gemu.

“Shi ya sa wannan sharaɗin da kansa?”

Na ce da bakinsa.

“To, uwa,” ya ce, “ni zan iya yin karatun. Amma ke kika ji abin da ya ce.”

Saura mutum kamar goma tsakanina da ƙofa. Ina jin ƙanshin man shanu da turare yana fitowa. Na san ƙirjina, na san abin da Sulochana ta ce, sau ɗaya. Na san kuma in na shiga na zuba, zan koma gida in ce mata an cika, ta yarda, ta gaya wa 'ya'yanta, ni kaɗai in riƙa ganin jan ƙyalle a laka duk lokacin da ɗayansu ya yi zazzaɓi. Na fita daga layin.

Darshani ta biyo ni taku uku ta tsaya. Ta ce ta hau dutsen nan da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ba za ta koma ba ta ga Baba ba. Na ce ta shiga. Ta tsaya kamar tana jiran in ƙara wani abu, sannan ta koma wurinta a layi, matan suka matsa mata.

Na sa takalmina na gangara bakin Mandakini, kogin da ke bi ta gefen haikalin. Na kwance ƙyallen. Gindin tulun yana da zoben laka da ta bushe, da ɗan karan ciyawa a manne. Na buɗe na tsiyaye ruwan a kogi a hankali. Can ƙasa zai haɗu da Ganga, inda ya fito. Na wanke tulun da yashi har ya yi haske, na wanke ƙyallen na matse. Ban yi kuka ba. Na zauna a kan dutse ina jiran numfashina ya dawo, na ajiye tulun a gefena a ƙasa, karo na farko da hannuna.

Ta same ni a nan, goshinta da shafin toka da ja, ta ƙunso alewar haikali a gefen mayafi. Ta ce ta yi wa Umed addu'a, ta yi wa Sulochana, ta faɗa wa Baba laifin nata ne. Ta miƙo mini alewar. Abin Baba ne, ba a mayarwa, na karɓa na ɗaure a bakin zane. Da za mu sauka ta ce in kawo tulun ta ɗaukar mini. Na ba ta.

“Riƙe,” na ce. “Yanzu ki ajiye shi duk inda kika so.”

Ba ta ajiye ba. Ta rungume shi tun daga sama har Gaurikund, ko a rumfar shayi bai bar cinyarta ba, babu komai a cikinsa.

Na gaya wa Sulochana gaskiya a waya. Ta ce Baba ya ga ƙafafuna, ya isa, kada in sake tayar da maganar. Na ce na ji. Bayan mako biyu aka rufe haikalin, ƙanƙara ta rufe hanya. Tulun ya koma ƙusarsa.

Da sanyi ya yi sauƙi na je wurin maƙerin ƙauyen ƙasa. Na sa ya yi mini sanda mai tsinin ƙarfe da ƙugiya a sama, wadda zan kafa a ƙasa ta tsaya da kanta in rataya abu. Ya tambaye ni ta mece ce, na ce ta fitila. Kullum da safe ina cika tulun a famfo in hau da shi har wurin bautar da ke saman ƙauye, in kafa sandar, in rataya, in ja da baya in duba ko za ta karkata. A ƙasa mai laushi tana tsayawa. A kan dutse har yanzu ban samo dabara ba. Taku ashirin nake yi in tsaya, wani lokaci goma sha biyar. Sulochana ba ta sani ba.

Darshani tana zuwa kamar da. Ta kawo mini kabewa, ta kawo man gwiwa da Jaspal ya aiko, ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni labarin ƙauye, ina saurare. Ta goge hoton, ta nuna mini wurin da yake da. Sau biyu ta ce in an buɗe hanya za ta sake raka ni, wannan karon ko hannunta zai guntule. Na ce gwiwarta ba za ta iya ba.

Ranar da ciyawa ta isa yanka muka fita da lauje kamar kowace shekara. A bakin gangare na ɗaura igiya a ƙugu. Ta zauna a wurinta, ta tokare ƙafa da dutsen da ya lotsa saboda ƙafarta, ta miƙo hannu. Akwai wata bishiya a bayanta, taku huɗu, ba mu taɓa amfani da ita ba. Na wuce na zagaya igiyar a gindinta sau biyu, na ƙulla, na ja na gwada.

“Didi,” ta ce.

Na juya baya na fara sauka. Ina yanka ina kasa kunne, har na cika dami ban ji muryarta daga sama ba.